Shawarar ƙungiyoyin farar hula: ana jin ta kuwa, ko 'yan amshin shata ne kawai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, abu ne ya tsaya min a rai. Jiya na dawo daga taron kwana biyu a Abuja, inda aka gayyaci ƙungiyoyin farar hula su ba da shawara kan rahoton da gwamnati za ta kai wa kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva game da halin da yara ke ciki. Mun kai mu sittin a zauren otal. Sai bayan abincin rana a yini na biyu aka raba mana daftarin, ya haura shafi tamanin, an riga an ɗinke shi da bango mai sheƙi. Aka ce mu duba cikin minti arba'in. Na ɗaga hannu na ce abin da aka rubuta kan yaran da suka koma makaranta a yankinmu bai yi daidai da abin da muke gani da ido ba. Mai jan zaman ya ce an ji, za a duba. Daga nan aka miƙo takardar sa hannu, aka ba kowa kuɗin mota, aka ɗauki hoto. Na san rahoton zai fita ɗauke da cewa an tuntuɓe mu. Don Allah masu ilimi a cikinmu, akwai inda shawarar irinmu ta taɓa canza wata doka a duniya, ko dai mu daina wahalar da kanmu?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Hajiya ai kin amsa wa kanki. Sa hannunki suke so, ba ra'ayinki ba. Wanda ba shi da ƙuri'a a zaure, maganarsa iska ce.

Barista: Injiniya, ka yi saurin yanke hukunci. Hajiya sannu da hanya. Gaskiya ne ƙungiyoyi ba su da ƙuri'a, kuma da gangan aka tsara haka tun 1945. Sashe na 71 na kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ya yi Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa, wato ECOSOC, tana iya shirya yadda za ta riƙa tuntuɓar ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. Tuntuɓa kawai. To amma shi kansa sashen, matsin lambar ƙungiyoyi ne ya haife shi. A taron San Francisco, tawagar Amurka ta tafi da ƙungiyoyi 42 a matsayin masu ba da shawara, ciki har da NAACP ta baƙaƙen fata, kuma suna cikin waɗanda suka dage sai an ƙarfafa batun haƙƙin ɗan Adam a kundin. Yau ƙungiyoyin da ECOSOC ta ba matsayin waɗanda ake tuntuɓa sun haura 6,000. Yana ba ka katin shiga zaure, da damar miƙa takarda a rubuce, wani lokaci da minti ɗaya ko biyu na magana.

Injiniya Bala: Minti biyu, Barista. Mutum ya biya kuɗin jirgi daga Kano zuwa Geneva don minti biyu.

Barista: Ba a minti biyun ake aikin ba. A barandar zaure ake yi, da wurin shan shayi, inda za ka tare wakilin wata ƙaramar ƙasa da ba ta da lauyoyi goma a tawagarta, ka miƙa masa jimla shiryayyiya ka ce ga yadda za a gyara sakin layi kaza. Shi yana da ƙuri'a amma ba shi da lokacin bincike. Kai kana da binciken.

Ɗan Gwoza: Ni ban yi karatun doka ba, amma bari in faɗi abin da ya same mu. Ƙanina ya fita da safe neman itace tare da wasu samari, a hanyar da mutane suka saba bi. Ya ce bai ga komai ba sai ɗan wuri da ƙasa ta yi laushi kamar an tona an mayar. Ƙafarsa ta hagu daga gwiwa ta tafi. A bayan a-kori-kura aka kawo shi, an ɗaure cinyar da ɗankwalin wata baiwar Allah. Shekararsa goma sha tara a lokacin. Bayan nan ne wasu ma'aikatan ƙungiya suka zo sansani da hotuna a kwali suna nuna wa yara: in ka ga waya ta fito daga ƙasa, ko jarka a binne, ko ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, ka koma ta sawun da ka zo. Na tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya aiko su, ya ce akwai yarjejeniyar duniya da ta hana nakiyoyi, kuma Najeriya na ciki. To ni tambayata, in an hana, me ya cire wa ƙanina ƙafa?

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Hauwa 'yar Jos: Amin. Allah ya ƙara haƙuri, Yaya.

Baba Malam: Ɗana, Allah ya ba shi lafiya. Tambayarka mai nauyi ce, zan zo gare ta. Amma tunda ka ambaci wannan yarjejeniya, bari in ba Hajiya labarinta, domin ita ce amsar abin da ta tambaya, kuma na bi ta a rediyo tun ina koyarwa.

A farkon shekarun 1990, likitocin Red Cross da ma'aikatan agaji a Kambodiya da Angola da Afganistan da Mozambik sun gaji da yanke ƙafafun manoma da yara. Yaƙi ya ƙare, nakiya tana nan a gona tana jira. A watan Oktoba na 1992 ƙungiyoyi shida, ciki har da Handicap International da Human Rights Watch da Mines Advisory Group, suka haɗu suka kafa gangamin neman a haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane. Wata Ba'amurkiya, Jody Williams, ita ta ja ragamar. Sojoji suka ce ba zai yiwu ba, makami ne mai arha da kowace runduna ke da shi.

Da farko sun bi hanyar da aka saba, taron gwamnatoci na bitar yarjejeniyar makamai ta 1980. A can sai kowa ya yarda ake zartar da abu, don haka ƙasa ɗaya tana iya riƙe kowa. Aka tashi a watan Mayun 1996 da 'yan gyare-gyare, ba haramci. A watan Oktoban shekarar Kanada ta kira taro a Ottawa, kuma a ranar rufewa ministan harkokin wajenta, Lloyd Axworthy, ya miƙe ya ce kowa ya dawo kafin ƙarshen 1997 a sa hannu kan haramci, ko da ƙasashe kaɗan ne suka zo. Jakadu da yawa ransu ya ɓaci. Ƙungiyoyin kuwa suka bazama. A Janairun 1997 Gimbiya Diana ta taka filin da ake kwance nakiyoyi a Huambo ta Angola, hotunan suka zaga duniya. A Fabrairu gangamin ya yi babban taronsa a Maputo, Afirka ta Kudu kuma ta sanar da nata haramcin.

Inda nake so Injiniya ya lura shi ne Oslo, Satumban 1997, inda ƙasashe suka zauna rubuta yarjejeniyar. An ba gangamin kujerar 'yan kallo a cikin zauren, suna jin komai, suna magana. Amurka ta zo tana neman a keɓe mata iyakar Koriya daga haramcin, a kuma ba ta ƙarin shekaru kafin ya hau kanta. Da ƙofa a rufe take, wataƙila da an lallaɓa an ba ta. Amma duk wakilin da zai fito sai ya wuce ta gaban mutanen da nakiya ta raba da ƙafa ko hannu, kuma duk ƙasar da ta fara sassautowa, kafin dare ƙungiyoyin gida sun kai labarin ga 'yan jarida da 'yan majalisarta. Shugaban zaman, Jacob Selebi na Afirka ta Kudu, ya riƙe wuta, ƙasashen Afirka suka tsaya. Aka amince da rubutun ranar 18 ga Satumba ba tare da keɓewar ba, har da sashen da ya hana kowace ƙasa ta ce ta yarda da wani ɓangare ban da wani. A Disamba ƙasashe 122 suka sa hannu a Ottawa. Burkina Faso ce ƙasa ta 40 da ta tabbatar da ita, wadda ta cika adadin da ake buƙata, ta fara aiki ranar 1 ga Maris 1999. Aka ba gangamin da Jody Williams kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma wanda ya karɓa a madadin gangamin ɗan Kambodiya ne, Tun Channareth, a kan keken guragu, ba shi da ƙafa ko ɗaya.

Ko ƙuri'a ɗaya ba su jefa ba, Hajiya.

Injiniya Bala: Baba, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma Amurka ba ta shiga ba, Rasha ba ta shiga ba, Sin da Indiya da Pakistan ba su shiga ba. Manyan masu makamin kenan. A ƙarshen 2024 Amurka ta amince a ba Ukraine irin waɗannan nakiyoyi. A 2025 Poland da Finland da Estoniya da Latbiya da Lituweniya suka ce sun fice saboda tsoron Rasha. Da tsoro ya zo, ina shawarar ta tafi?

Baba Malam: Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, kuma ficewar nan ta dame ni ƙwarai. Amma ka haɗa da ɗaya gefen. Ƙasashe sama da 160 suka shiga. An lalata nakiyoyi fiye da miliyan 50 da ke jibge a rumbunan sojoji, waɗanda ba za su taɓa shiga gonar kowa ba. Mozambik, da aka riƙa misali da ita, ta sanar a 2015 cewa ta gama share filayen da aka sani. Cinikin makamin a fili ya kusan mutuwa. Manomin da ya koma gonarsa a Mozambik ba zai ce maka aikin banza aka yi ba.

Yanzu ga tambayar ɗana na Gwoza. Najeriya ta shiga a 2001. Waɗanda suka binne abin da ya taka ba gwamnati ba ne, ba su sa hannu a komai ba, takarda ba za ta hana su ba. Sai dai yarjejeniyar ba ta duba ko a masana'anta aka ƙera abu ko a jarka aka haɗa shi. Muddin takun mutum ko kusantarsa ke tayar da shi, nakiya ce. Saboda haka nauyi yana kan gwamnati ta gano wuraren, ta yi musu alama, ta share su, ta faɗakar da jama'a, a kuma kula da waɗanda suka jikkata. Wannan batu na kula da waɗanda abin ya shafa, ƙungiyoyi ne suka matsa aka sa shi. Kuma tun 1999 gangamin ke fitar da rahoton shekara-shekara mai suna Landmine Monitor, yana bin kowace ƙasa da abin da ta yi da wanda ba ta yi ba. Borno da Yobe da Adamawa suna fitowa a ciki.

Ɗan Gwoza: Na gode Baba. Wato ƙafar roba da aka yi masa ba alfarma ba ce.

Baba Malam: Ba alfarma ba ce, ɗana. Alkawari ne ƙasashe suka ɗauka.

Malam Issoufou Damagaram: Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, ina da ja a wani wuri. Nakiya kowa ya yarda mugun abu ce, babu malami ko basarake da zai kare ta. Amma ba duk abin da ƙungiyoyi ke kaiwa zauren duniya ne haka ba. Ku duba yarjejeniyar Maputo ta 2003, ta Tarayyar Afirka, kan haƙƙin mata. Ƙungiyoyi sun yi aiki sosai wajen rubuta ta, Najeriya ta tabbatar da ita, amma majalisar dokokinmu ta ƙi ta a 2006, saboda batun shekarun aure da gado da zubar da ciki. Waɗanda suka fito suka ƙi ta, su ma ƙungiyoyin farar hula ne, na addini, har da na mata. To wa ke wakiltar jama'a a nan? Wanda ya iya Faransanci ya sami biza, ko wanda ke cika masallaci ranar Juma'a? Wa ya zaɓe su? Kuma kuɗinsu daga ina? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hauwa 'yar Jos: Malam Issoufou, da girmamawa, matar da aka aurar tana shekara goma sha uku ta gamu da yoyon fitsari ita ma 'yar ƙasa ce, kuma ba ta hawa mumbari. In ba ƙungiya ta kai kukanta ba, wa zai kai?

Malam Issoufou Damagaram: Malama Hauwa, ban musa ba, na ga irin waɗannan mata da idona. Abin da nake cewa, da an zauna da malamai da sarakuna tun ana rubutu, ba bayan an gama a kawo musu su sa albarka ba, da wataƙila an sami abin da za a ɗauka. Abin da aka yi wa Maman Ilham a otal, shi ƙungiyoyin birni ke yi wa mutanen ƙauye.

Maman Ilham: Wannan maganar ta taɓa ni, Malam. Mu ma mukan rubuta takarda a ofis mu ce "mata sun ce", alhali mata biyar muka tambaya.

Barista: Batun kuɗi da Malam ya kawo, Tarayyar Afirka ta yi ƙoƙarin magance shi. Majalisarta ta ƙungiyoyin farar hula, ECOSOCC, wadda Wangari Maathai ta fara shugabanta a 2005, ta sa sharaɗin cewa aƙalla rabin kuɗin ƙungiya ya fito daga mambobinta. Niyyar mai kyau ce, amma sai ta bar ƙungiyoyi masu ƙwazo da yawa a waje, domin nawa ne a cikinmu ke rayuwa da kuɗin mambobi? A New York kuma matsalar daban ce. Kwamitin da ke tantance masu neman matsayi a ECOSOC ƙasashe 19 ne, kuma in wata ba ta son ka, tambaya ɗaya za ta yi a ɗage takardarka zuwa zama na gaba, ta sake wata. Wata ƙungiya mai kare 'yan Dalit, waɗanda ake ƙasƙantarwa a Indiya saboda asali, ta yi kusan shekara 15 tana jira kafin a ba ta a 2022. Da maganar ƙungiyoyi iska ce, Injiniya, da babu gwamnatin da za ta ɓata shekara 15 tana tare ƙofa.

Admin: Jama'a a ci gaba da mutunta juna kamar yadda ake yi. Wanda ya turo tallan fili, na goge, ba wurinsa ba ne.

Abdul Mai Keke: Tun ɗazu nake karantawa. Ni shan inna ta kama ni tun ina yaro, a keke nake. Malam Issoufou ya tambaya wa ke wakiltar wa. Mu mun amsa wannan da kanmu. Shekara da shekaru likitoci da masu ba da sadaka ke magana a madadinmu. Da aka zo rubuta yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a New York, makafi da kurame da guragu suka shiga zauren da kansu, da taken cewa kada a yanke komai a kanmu ba da mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aka amince da ita a Disamban 2006, kuma a cikinta an rubuta cewa dole gwamnati ta tuntuɓi ƙungiyoyinmu wajen yin dokokin da suka shafe mu da wajen bibiyar aiwatarwa. Najeriya ta tabbatar a 2010.

Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Nan muka sha wuya. An yi ta kai ƙudirin yana maƙalewa, muna zanga-zanga a ƙofar majalisa cikin rana, sai Janairun 2019 Buhari ya sa hannu. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Watan jiya na je wani ofishi karɓar takarda, hawa na biyu, babu gangara babu lif. Samari biyu suka ɗauke ni, ɗaya ta hammata ɗaya ta gwiwa, na uku ya biyo mu da keken, mutane na kallo. Ina da 'ya'ya huɗu.

Amma da na isa sama ban roƙi kowa ba. Na ce wa shugaban wurin ginin nan ya saɓa doka, na faɗi sunanta da shekararta. Ya yi shiru, ya ce a sauko min da duk abin da nake buƙata nan gaba. A da, sai dai a miƙo min naira ɗari biyu.

Injiniya Bala: Abdul, wallahi ban san wa'adin ya cika ba, kuma ni zanen gini nake yi. Turo min dokar ta akwatina. Har yanzu ina nan kan cewa babbar ƙasa in ta ga dama sai ta taka kowace takarda, amma matattakalar ofis ba Rasha ce ta gina ta ba, irinmu ne.

Abdul Mai Keke: Zan turo, Injiniya. Ka duba tudun gangarar, wasu sukan yi ta a miƙe kamar ta tura baro, ko mai ƙarfi ba ya iya hawa.

Maman Ilham: Barista, to ni yanzu me ya rage min? Na riga na sa hannu.

Barista: A takardar halarta kika sa hannu, ba a rahoton ba. Kwamitin haƙƙin yara na Geneva yana karɓar rahoto na daban daga ƙungiyoyi, kuma yakan zauna da su a keɓe kafin ya gana da gwamnati. Daga irin waɗannan rahotanni 'yan kwamitin ke ciro tambayoyin da suke yi wa minista. Haka ma bitar da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ke yi wa kowace ƙasa duk shekara huɗu da rabi, wadda aka yi wa Najeriya a Janairun 2024, ba sai kina da matsayin ECOSOC za ki aika ba. Amma kada ki rubuta "yara da yawa". Ki je makarantun, ki nemi rajista, ki ƙirga kawuna ranar Litinin da ranar kasuwa, ki rubuta kwanan wata. In kun haɗu ku biyar ko shida ya fi nauyi. Ni zan duba muku ɓangaren doka kyauta.

Malam Issoufou Damagaram: Kuma ki fara karanta wa iyayen yaran da limamin unguwa da Hausa kafin ki aika da Turanci.

Maman Ilham: In sha Allah haka za a yi. Makarantu bakwai ne a mazaɓarmu, zan fara da ta bakin kasuwa ranar Litinin. Hauwa, za ki shigo da taku ƙungiyar?

Hauwa 'yar Jos: Zan yi wa shugabarmu magana gobe, Anti.

Ɗan Gwoza: Hajiya, in za ku rubuta, a sa yaran da nakiya ta jikkata. A sansaninmu kaɗai na san uku da suka daina zuwa makaranta, ɗaya yarinya ce, ƙafar robarta ta yi mata kaɗan tun bara kuma ba a sake mata ba. Zan tambayi iyayensu, in sun yarda in haɗa ku.